Ranar da Muryar Haruna Ta Fito ta Lasifikar Masallaci

Shekara talatin ke nan cif da muka ɗauki Haruna daga zauren gidansu a Ƙofar Doka muka kai shi makwancinsa. Na zaci idan shekaru sun yi yawa zuciya takan kwanta. Tawa ba ta kwanta ba. Tun da watan nan ya kama nake kai-kawo tsakanin ƙofar gidana da ƙofar masallaci, jikoki suna tambaya ko wani abu na yar. Shi ya sa na ce bari in rubuta, ko na samu sauƙi.

Tare muka taso, tsangaya ɗaya, bulala ɗaya. Ni na zama tela, daga baya aka ba ni ladancin masallacin unguwa. Shi ya bi boko, ya zama mai gyaran na'urori a wani ofis a unguwar Kongo, nan Zariya. Kullum da yamma zai dawo a kekensa, ya shige wani ɗan ɗaki a bayan zaure inda ya ajiye rediyonsa. Ba irin ta jin labarai ba ce, wannan ana magana da ita a kuma ji amsa daga ƙasashe masu nisa. Yana da lasisin gwamnati a manne a bango. Unguwa ta sa masa suna Haruna Oba-oba, saboda "oba" da yake cewa duk ya gama magana a rediyon, kuma bai taɓa jin haushi ba.

Mutum ne da ba ya iya zama. Ko shayi a tsaye yake sha. Na daɗe ina ɗaukar rediyon nan wasan manya, ashe akwai abin da ke cin sa. Yayansa Idi ya tafi aikin hajji ta ƙasa tun muna samari, wasiƙarsa ta ƙarshe daga Sudan ta zo, daga nan shiru. Mahaifiyarsu, Inna, ba ta faɗin sunansa saboda ɗan fari ne, sai dai ta ce "wancan na gabas". To, wata rana da la'asar Haruna ya tsinci muryar wani mutum daga Sudan yana jefa Hausa cikin maganarsa. Haruna yana jin sa sarai, amma shi mutumin ba ya jin Haruna. Rediyon ba ta da ƙarfin kai murya can. Duk wannan bai gaya mini ba a lokacin.

Sai ya samo wata tsohuwar amfilifaya, wato akwatin ƙara wa rediyo ƙarfi, mai nauyin buhun gero, da kwalaben gilashi a ciki masu yin ja kamar garwashi. Daga baya ya fahimtar da ni cewa haɗa su ba jona waya kawai ba ne. Akwai igiyoyin umarni guda biyu. Ta farko rediyo ce ke gaya wa amfilifaya: yanzu za a yi magana, tashi, yanzu saurare za a yi, kwanta. Ta biyu amfilifaya ce ke gaya wa rediyo ta rage turo mata ƙarfi idan ya yi yawa. Ranar farko ya haɗa ta farkon kai tsaye, wutar tsohuwar akwatin ta fi ƙarfin ɗan makunnin da ke cikin rediyon, ya ƙone nan take. Maimakon ya tsaya, sai ya zo shagona ya ari fedar keken ɗinkina mai lantarki, ya mai da ita makunnin ƙafa. Igiya ta biyu kuwa ya bar ta a rataye, wai sai daga baya. Gaggawa dai ba ta haifar ɗa mai ido.

Wata Talata na kunna lasifikar masallaci zan kira la'asar. Ban buɗe baki ba, sai wata murya ta fito daga sama, a dagule, kamar agwagwa tana Turanci. Mata suka leƙo daga gidaje, masu alwala suka miƙe da butoci a hannu, wani tsoho ya fara karanto Ayatul Kursiyyu. Ni kam na gane mai ita, domin akwai wani ɗan tari da Haruna ke yi kafin ya fara magana, kuma shi ma ya fito ta lasifikar. Washegari aka sake, jibi ma haka. Mutane suka fara yi mini dariya a kasuwa, ana cewa Ladan ya samu na'ibi Bature.

A nan ne na yi abin da har yau yake hana ni sakat. Tsakanin masallaci da ɗakin Haruna bai kai taku ɗari ba, amma ban je ba. Na wuce wurin mai unguwa na kai ƙara, a gaban jama'a. Zamanin soja ne, kuma magana in ta fita ba ta tambayar mai ita hanya. Kafin mako ya zagayo wasu mutum biyu suka zo da farar mota, suka duba lasisinsa, suka rubuta lambobin kayansa, suka ce in aka sake kawo kuka za su kwashe komai. Da yamma ya aiko mini da fedata a cikin leda, ba saƙo. Wata biyu muna sahu ɗaya a salla, ba mai ce wa wani ci kanka.

Inna ce ta aika a kira ni. Na same ta a kan tabarma, idonta ya riga ya yi rauni. Ta ce, "Sani, ashe kai ne ka rufe mini hanyar gabas?" Na ce ban gane ba. Ta ba ni labarin mutumin Sudan, sannan ta ce, "Ni ba dawowarsa nake nema ba. So nake in san addu'ar da zan yi masa, ta mai rai ko ta mamaci." Rashin sani ya fi dare duhu. Na fito daga ɗakinta ban san inda zan sa fuskata ba, na zarce ɗakin bayan zaure.

Haruna bai ɗago kai ba. Ya ce, "Ladan, riƙe min wayar nan, hannuna biyu ne kawai." Na riƙe. Ya samo wani ƙaramin makunni mai tashi da kansa daga tsofaffin kayan tarho, rile suke ce masa, ya sa shi a tsakani, yadda rediyo za ta taɓa shi da 'yar wuta kaɗan, shi kuma ya ɗauki nauyin tayar da amfilifaya. Ya narka dalma ya haɗa igiya ta biyu, ya yi ta murɗa wani ɗan maɓalli yana kallon allurar ma'aunin ƙarfi har ta daina wuce iyaka. Sannan muka je masallaci ya liƙa wasu ƙananan abubuwa kamar ƙwayar wake a wayoyin lasifikar. Sai gwaji: in kunna lasifika in saurara, shi ya yi magana, in dawo in faɗa masa. Sawu bakwai na yi a ranar, rigata ta jiƙe sharkaf. A na bakwai lasifikar ta yi tsit.

Kwana uku bayan haka, ina idar da salla na same shi a tsaye da makirfo a hannu. Ya danna, na ji rilen ya yi ƙas, kwalaben suka ƙara haske, ya kira. Ya saki. Cikin shuuu ɗin iska sai muka ji an ce, "Zariya, ina jin ka. Sannu da ƙoƙari." Haruna ya zauna a ƙasa. Ban taɓa ganin ya zauna don kansa ba sai ranar.

Mutumin Sudan ɗin nan ne, sunansa Malam Usmanu, jikan alhazan ƙafa ne. Ya ɗauki sunan Idi da na mahaifinsa, ya ce a ba shi lokaci. Bayan mako shida amsa ta zo: Idi ya rasu shekara huɗu da suka wuce a wani ƙauyen manoman auduga, ya bar mata da 'ya'ya uku, babbar mace ce, sunan Inna ya sa mata. Haruna ya kasa shiga ya faɗa, ni na shiga. Inna ta ce, "Alhamdu lillahi. A ɗebo min ruwan alwala." Ba ta cika shekara ba bayan nan. Haruna ya ci gaba da rubuta wa yaran wasiƙa har ciwon da ya ɗauke shi.

Yau kowa da waya a aljihu, jikata tana ganin fuskar ƙawarta da ke wata ƙasa tana tuƙa tuwo. Nakan tambayi kaina me Haruna zai ce. Ina jin da farko zai kwance wayar ya ga cikinta. Bayan nan ban sani ba. Wataƙila ya yi murna, wataƙila ya yi mamakin yadda kira ya yi arha amma 'yan'uwa a gari ɗaya sai su shekara ba su ji muryar juna ba. Abin da na sani, ban taɓa buɗe baki na ce masa ya yafe mini ba. Na ɗauka riƙe masa wayar rediyo da na yi ya wadatar. Shi bai tayar ba, ni ma na bi shiru, har ƙasa ta rufe.

Kayansa sun yi tsatsa, an sayar wa 'yan gwangwan. Eriyar rediyon ta faɗi a wata damina. Amma da yaƙi ya tashi a Sudan, wata mata ta sauka a Ƙofar Doka da yara huɗu da jaka ɗaya, tana riƙe da tsohuwar ambulan mai rubutun Haruna a baya, tana tambayar gida da Hausarta mai gauraye da Larabci. Aka kawo ta wurina, don ni ne tsohon da ya rage. Na kai ta har ƙofar ɗakin kakarta, wadda take ɗauke da sunanta. A nan take zaune yanzu, yaranta suna makarantar unguwa. Ran Juma'ar da ta wuce ta ce in raka ta kabarin baffanta. Muka je, ta yi addu'arta, ni ma na faɗi abin da na yi shekara talatin ina riƙe da shi. Allah Ya jiƙan Haruna, Ya sa ya ji.