Ranar da Aka Bar Ni a Bakin Ruwa

Na manta abubuwa da yawa na zamana a London, har lambar gidan da na zauna ta ɓace mini. Amma safiyar da aka bar ni tsaye a bakin ruwa da sandar fatsa a hannu, ita kam sai dai in shiga kabari da ita.

Shekarun saba'in ne, lokacin da kuɗin mai ya tumbatsa a gida, gwamnati na ta tura mu karatu. Ni da wani abokina muka kama flat ɗaya a Lewisham. Unguwarmu ɗaya a gida, kwano ɗaya muka tashi muna ci. Kawuna masunci ne, a bayansa na girma, shi ya sa da na sami wata ƙungiyar masu kamun kifi na shiga, na kuma ja abokina.

Duk shekara suna gasa a inda Thames ke shiga teku, a kan wani kifi da suke kira bas, mai kama da ƙaramin giwan ruwa. Mutum biyu ne a kowane kwale-kwale, kuma ba a yarda a sa tana ko ɗanyen kifi a ƙugiya ba, sai kifin ƙarya na katako ko ƙarfe. Duk bazarar nan, kowace Asabar mukan shiga jirgin ƙasa a Stratford mu tafi gwaji. A hankali na gane halin kifin. Idan ruwa ya gurɓace, mai ƙyalli kamar cokali yake bi. Idan ya kwanta garau, sai siriri fari, kuma ba a jan sa da sauri: ka ja kaɗan, ka dakata, ka ɗan fizga, kamar kifi mai rauni. Na kanti sun yi nauyi, sai na sassaƙa nawa, na cusa musu 'yar dalma a ciki, na shafa fenti. Ban ɓoye wa abokina komai ba. Har hannunsa nake kamawa in nuna masa fizgar.

Ana saura kaɗan gasa, wani Alhaji ɗan kwangila ya zo London hutu, irin masu shigo da siminti jirgi-jirgi. Abokina ya zama ɗan rakiyarsa, har ya kawo shi flat ɗinmu. Da Alhajin ya ga kayan kamun kifi ya yi dariya ya ce, "Ai ni ma ofishina na son kofin gasa irin na Turawa." Na ɗauka raha ce.

Ana gobe gasa abokina ya ce Alhaji zai zo kallo, motarsa za ta ɗauki kaya. "Kai ka taho a jirgi, ba wuri a motar." Na miƙa masa akwatina na kifayen katako da hannuna.

Da na iso da sassafe, Baturen da ke karɓar 'yan gasa ya dube ni da mamaki. Ya ce ai an yi cancel ɗin sunana, abokin tafiyata ya bugo waya ya ce ba ni da lafiya. Ina waigawa na hango su a kwale-kwalen da ni na yi booking. Alhaji na zaune a kujerata, ya ɗora rigar ruwa a kan babbar riga, akwatina a cinyarsa.

Na ce, "Mutumina, mene ne haka?"

Ya ja ni gefe, yana magana ƙasa-ƙasa. "Haba ɗan'uwa, kifi ne fa! Ka san abin da mutumin nan zai yi mana idan mun koma gida?"

"Mana, ko maka?"

Ya juya ya koma kwale-kwale. Alhaji ya ɗaga hannu daga nesa ya ce, "Samari, na gode da aron kaya!" Ashe haka aka gaya masa. Ina zan iya tona asiri a gaban dattijo da Turawa? Na ce, "Allah ya ba da sa'a, Alhaji." Injin ya tashi.

Har yau ban san abin da ya hana ni komawa gida ba. Na yini a kan wani benci, iska na yanka mini kunne. Da la'asar suka dawo, Alhaji ya galabaita da amai, ko sanda bai taɓa ba, amma su suka ci gasar. Shi aka miƙa wa kofi, aka ɗauki hoto. Wani tsohon Bature ya ɗaga farin kifin katakon nan yana juya shi, ya tambaya wa ya yi shi. Ina tsaye kusa da su, abokina ya ce shi ne. Wallahi wannan ta fi ƙona mini rai a kan kujerar.

A makon na kwashe kayana daga flat ɗin. Shi kuwa yana komawa gida ya zama manaja a kamfanin Alhaji, ya yi arziki, bai taɓa cewa in yafe masa ba. Shekaru bayan haka na ji shi a wani ɗaurin aure yana ba da labarin gasar, ana ta dariya. Babu ni a ciki ko kaɗan.

Abin da na koya shi ne, daɗewar zama ba ta sanar da kai mutum. Ba ka san matsayinka a wurinsa ba sai ranar da aka ce ya zaɓa tsakaninka da abin da yake kwaɗayi.