Baba Baki-Sama da Takarda ta Ƙarshe

Ƙarfe bakwai da rabi Baba Baki-Sama yake ɗaga ƙofar shagonsa, wani ɗan lungu tsakanin mai gyaran agogo da mai ɗinkin takalma, wanda in ka miƙa hannu biyu sai ka taɓa bango da bango. Kafin ya amsa gaisuwar kowa sai ya zuba ruwa a kofuna uku, ya shimfiɗa farin tsumma a kan tebur, sannan ya bi alƙaluman da aka kawo gyara ɗaya bayan ɗaya. Ba biro nake nufi ba, alƙalami mai shan tawada, irin wanda ake ɗura wa daga kwalba. Kowanne sai ya buɗe murfinsa a hankali, ya naɗa auduga a tsinke ya goge cikin murfin, ya tsayar da shi a gwangwani bakinsa na kallon sama. Daga nan sunan ya samo asali. Ko a titi ya ga ka soke alƙalami a kife, bai san ka ba, sai ka ji tsawa a bayanka: "Baki sama!"

Shekara arba'in da ɗaya ke nan yana wannan aiki. Ƙarshen watan nan zai rufe, don hannu ya fara rawa, ido kuma ya gaza. Babu mai shirya masa taro, shi ya sa ni na zauna rubutu.

Wani likita ya ba ni labari cewa farar rigarsa uku tawada ta ci, har ya zo da niyyar sayen sabon alƙalami. Baba ya hana shi. Ya ce, "Likita, alƙalaminka lafiyarsa ƙalau, motarka ce ba ta da lafiya. Ka bar shi a gaban gilashi rana ta gasa shi, sannan ka ce ya yi maka amai?" Mai agogo kuwa ya ce ya sha ganin an kawo alƙalami yana yoyo ta wurin murɗawa, Baba ya shafa masa ɗan maiko da kan allura ya sallami mai shi, bai ko bari ya zauna ba. Waɗannan ji na yi. Ga abin da na gani da idona.

Shekara goma sha tara da suka wuce, ina akawu a wata makarantar koyon jinya, watana biyar da fara aiki. Saboda kyan rubutuna aka ɗora mini rubuta sunayen ɗalibai a takardun shaidar kammalawa. Takardun nan a ƙirge suke zuwa daga hukuma, da lamba da hatimi, kuma doka ce da tawadar da ba ta goguwa za a rubuta. A shekarar ɗalibai sittin ne, takardu sittin da biyu. In sun ƙare, sai an jira wata shida.

Magatakarda ya ce in dawo ofishinsa in yi aikin a gabansa. Ofis ne mai na'urar sanyaya ɗaki, sanyi har cikin ƙashi. Cikin kwana uku na rubuta hamsin da tara ba tangarɗa. Na bar ta yarinyar da ta zo ta ɗaya a ƙarshe, wai don in ƙawata mata. Ranar Alhamis da rana ta iso da mahaifinta, wani dattijo direba, suka zauna a benci a baranda. Motar ƙarfe huɗu za ta hau, don washegari da safe za a tantance ta a wani babban asibiti, kuma an ce ba a karɓar kwafi.

Na ciro alƙalamina daga durowa, na fara. Ina tsakiyar sunan farko, sai ɗis! Baƙin ɗigo kamar ƙwayar wake a kan takarda. Magatakarda ya cire tabarau ya dube ni, ya miƙo ta biyu.

A nan na yi wautar da har yau in na tuna nake jin kunya. Na ce a raina, tunda zuba yake yi, ai tawada ce ta yi yawa. Na matse abin da ya rage cikin kwalba, na bar 'yar kaɗan. Na damƙe alƙalamin da hannu mai gumi, na rubuta suna na farko, na shiga na biyu. Ɗis! Wannan ma ya fi na farkon girma. Garin neman ƙiba na samo rama.

"Saura ɗaya," in ji magatakarda, murya ƙasa-ƙasa. "In kika ɓata ta, ke za ki fita ki faɗa wa mutumin can da bakinki. Daga nan ki wuce gida, kada ki dawo."

Na roƙi awa ɗaya. Na bi ta ƙofar baya don kada in haɗa ido da dattijon, na tsallaka titi cikin rana tsaka, na nufi shagon Baba.

Baba ya karɓi alƙalamin ya buɗe. Cikin murfin duk raɓa, ta gauraya da tawada ta ɓata masa yatsu. Na ce, "Ka gani ko, Baba? Ya fashe."

"Gumi ne," ya ce. "Kin fito da shi daga sanyi zuwa zafi ko?" Ya duba shi da gilashin ƙara girma, ya ɗaga shi wajen haske, sai ya haɗe rai. "Wa ya shanye tawadar?"

"Ni na rage, don kada ya zuba."

"Kai, 'yata! Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Inda babu tawada mene ne a ciki? Iska. Ya kwana a sanyi, kika damƙe shi da hannu mai zafi, iskar ta kumbura. Ina za ta bi? Sai ta turo abin da ke gabanta. Cikakken alƙalami ba ya amai, mai yunwa ne ke yi."

Na fashe da kuka na gaya masa komai. Ya dubi agogon maƙwabcinsa, ƙarfe biyu saura kwata. Akwai mutum biyu suna jira, ya ba su haƙuri, ya ja ƙofar shago ya rufe.

Da muka shiga ofis, ko gaisawa ba su gama ba ya nuna na'urar. "Yallaɓai, a kashe wannan, a buɗe taga."

Magatakarda ya taso. "Malam, ofishina ne fa."

"Ofishinka ne, ranka ya daɗe. Takardar ma taka ce, kuma guda ɗaya ta rage."

Aka kashe. Baba ya goge murfin da bakin alƙalamin da wurin riƙewa har audugar ta fito fara. Ya ɗura tawada har wuya. Na ɗauka shi ke nan, na miƙa hannu wajen takarda, sai ya bugi tebur. Ya sa mini alƙalamin a tafin hannu, a tsaye, ya dunƙule yatsuna a kansa.

"Riƙe. Baki sama. Bari ya ɗauki ɗumin hannunki, 'yar iskar da ta rage ta fice ta sama ba ta taɓa tawada ba."

"Har yaushe, Baba?"

"Har sai ke ma kin daina rawa."

Wallahi ban taɓa ganin mintoci masu tsawon waɗannan ba. Magatakarda yana kai da kawowa, yana duba agogo yana tsaki. Ta taga ina jin dattijon yana tambayar masinja, "Ɗana, lafiya dai ko? Kada mota ta bar mu." Yarinyar tana cewa, "Baba, ka yi haƙuri, yanzu za a kawo." Biyu da rabi ta wuce. Magatakarda ya ce, "Wai tsafi ake yi ne a nan?" Baba ko kallonsa bai yi ba, idonsa na kan bakin alƙalamin. Can sai wani ɗan kumfa ya ɓullo a tsagar bakin ya fashe. Ya sa tsumma ya ɗauke.

Ya juya ɗaya daga takardun da na ɓata, ya sa na rubuta sunan sau biyar a bayanta. Babu ɗigo. Sannan ya ce a kawo ta ƙarshe.

Suna uku ne, na tsakiya dogo. Na gama na farko. Ina cikin na biyu, daidai inda na ɓata ɗazu, sai hannuna ya tsaya da kansa. Na ga bakin yana ƙyalli, na ce shi ke nan, ta faru ta ƙare.

"Kada ki tsaya a kan takarda," ya ce a hankali daga bayana. "Ki tafi, ko ki ɗaga. Tafi, 'yata."

Na tafi. Na kai harafin ƙarshe na ɗaga hannu. Takarda fes. Ban san lokacin da na zame daga kujera na zauna a ƙasa ba. Ƙarfe uku da minti goma yarinyar ta rungume takardarta, mahaifinta yana ta sa wa magatakarda albarka. Kafin in fito in nuna musu wanda ya cancanci albarkar, Baba ya riga ya tsallaka titi, wai ya bar mutane suna jira.

Baba, kai ne likitan alƙaluma. Kai ne ka rufe shagonka da rana tsaka saboda 'yar da ba ka haifa ba da wata da ba ka taɓa gani ba. Takardar nan tana can a bangon wani ɗaki, da sa hannun shugaba da na magatakarda da rubutuna, babu inda sunanka ya fito. Daga ranar zuwa yau na rubuta sunaye fiye da dubu, ban sake ɓata ko ɗaya ba, kuma duk akawun da aka kawo mini, abin da nake fara koya masa ke nan: ka cika shi, ka goge murfi, ka ɗumama shi baki sama, kada ka bar shi a rana.

Ku masu sana'a, kowa ya dubi tsohon nan. Bai raina aikin da ake yi da auduga da tsinke ba, kuma bai taɓa sayar wa mutum sabo ba alhali bayani kawai yake buƙata. In akwai irinsa a layinku, ku je ku gode masa tun ƙofarsa na buɗe. Na gode, Baba. Allah ya saka da alheri, ya ba hannuwan nan hutu.

Jiya na kai masa wannan rubutu da hannuna, da alƙalamin nan dai na rubuta shi. Ya ɗauko gilashinsa, hannu na rawa, ya bi shafukan layi-layi. Ina jira in ji me zai ce a kan yabon. Sai daga baya na lura ba karantawa yake ba, idon ba ya iya wannan yanzu. Tabo yake nema.

Ya kai ƙarshen shafi na uku, ya ajiye gilashin, ya miƙo mini takardun.

"Madalla, 'yata," ya ce. "Yau kin cika shi."