Kunkurun Malam Sada

Abubuwa da yawa sun fice mini a kai, amma ranar da na ɗauki Hajiya Dije a kunkuru tana nan daram. Yawancinku ba ku taɓa sa hannu a irin motar ba, don haka bari in fara da ita.

Kunkuru motar da ce, mai doro. Ƙofa biyu gare ta. Injinta a baya yake, but ɗin zuba kaya a gaba. Ba ta shan ruwa, iska ke sanyaya ta. Batirinta kuwa ba kusa da inji yake ba, a ƙarƙashin kujerar baya ake ajiye shi.

Ni aikina wayarin ne, wato lantarkin mota. A garejinmu na Dutsin-Ma kowa da nasa: bakanike na inji, fanel bita na jiki, ni na waya, sai shugaban gareji mai raba aiki da raba faɗa. Ban yi boko ba. Da launin waya nake karatu, da wari, da ƙara.

Bayan wata babbar Sallah, 'yan shekarun nan, wani Alhaji Kabiru daga Kurfi ya jawo mana kunkuru da igiya. Ta mahaifinsa ce, marigayi Malam Sada, malamin dabbobi, wanda ya zaga rugagen yankin nan da ita har ya ajiye aiki. Tun rasuwarsa take kwance a rumfa. Shugaba ya ba ni wayarin da gilashi, ya ba Tukur bakanike inji.

Alhaji Kabiru bai ɓoye komai ba. Ya ce, "Ni so na 'yan gwangwan su auna ta su kwashe, in yi shago a wurin. Inna ta hana. Ta ce cikinta aka kawo ta gidan Baba daga Wurma, kuma cikinta za ta koma ta gaida yayarta. Mun yi magana. In motar ta kai Inna ta maido ta, ba turi ba ja, mota ta zauna. In ta mutu a hanya, sai sikeli."

Na ce, "Za ta je."

Ya ce, "Ko dubawa fa ba ka yi ba."

Na ce, "Ƙarfen da ne."

Da na buɗe ta sai na ga ɓeraye sun yi unguwa a ciki. Sun ci waya sun ƙoshi, har sun bar wa jikoki. Irin wannan ba a faci. Cire tsohuwar waya ake yi gaba ɗaya, a ja sabuwa ɗaya bayan ɗaya, ana gwada kowace da ƙwan gwaji kafin a wuce: fitila, sigina, hon, sai akwatin fis. Na ɗaga kujerar baya na sa sabon batir. A jikin ƙarafan sifirin na kujerar na ga wani farin gashi ya manne, kamar na tunkiya. Na ce shimfiɗar ɓeraye ce, na goge na mayar da kujera.

Gilashi ne ya fi ba ni wuya. Na gefen baya, ɓangaren hagu, jikokin gidan sun fasa shi da ƙwallo. Tukur ya ce a yanko na tagar ɗaki a sa. Na ƙi. Gilashin ɗaki in ya fashe wuƙa yake zama, na mota kuwa tsaba yake zubowa. Na yi cigiya har aka ce mini akwai gawar kunkuru a wani gida a Birchi. Na hau babur na je. Na tarar da ita ba taya ba inji, kaji na kwanci a ciki, gilashin nan kuwa lafiyarsa lau.

Tsohon gidan ya ce, "In ka cire, muzuru ya shigar mani."

Na ce, "Baba, zan toshe maka da kwano."

Ya ce, "To da hasken da suke gani fa?"

Sai da na huda kwanon da ƙusa, ƙananan ƙofofi, ya leƙa ciki ya gamsu, sannan ya bar ni na tafi. Na rungumo gilashin nan a babur kamar jariri.

Ga yadda ake sa shi. A zagaya shi da roba, a cusa siririyar igiya a ramin robar, a shafa ruwan sabulu. Mutum ɗaya ya danna daga waje, ɗaya ya ja igiyar daga ciki a hankali, leɓen roba ya hau kan ƙarfe. Ya zauna ke nan. Ba ya sauka, ba ya buɗewa. Wanda ke baya a kunkuru ba shi da taga, ba shi da ƙofa, sai an kwantar masa da kujerar gaba ya fito.

Tukur ya gama inji. Na gwada mota har na gaji: cikin gari, kan kwalta, kan burji. Komai na ci. Sai dai ni kaɗai nake ciki, kuma kun san ni, sillen kara ya fi ni auki.

Ranar tafiya muka zaɓi hantsi, don hanya ba kamar da ba ce, kowa so yake ya kwana gidansa. Na kai mota ƙofar gidan a Kurfi. Hajiya Dije, innar Alhaji Kabiru, ta fito, carbi a hannu, buzun sallarta a naɗe a hammata. Mace ce Allah ya yi wa jiki, masha Allah. Ta zagaya motar, ta shafa doronta.

Alhaji Kabiru ya ce, "Inna, ki zauna gaba, ya fi sauƙin shiga."

Ta ce, "Gaba? Ni kwandasta ce? Baya nike zama, tun ba a haife ka ba."

Shigarta ta ɗauki lokaci. Ni na riƙe kujerar gaba, shi ya riƙe gyale, maƙwabta suka riƙe baki. Ta zauna, mota ta yi ƙasa kaɗan. Alhaji Kabiru ya shiga gaba, na tayar, muka kama hanya.

Kan kwalta lafiya lau. Hajiya har labari take ba mu, tana nuna inda kuka take a da. Da muka sauka burji sai na faɗa wani rami. Na ji ƙas! Fitilar gaban sitiyari ta yi ƙyaf.

Hajiya ta ce, "Kabiru, wa ke babbakar kai da ƙafa a nan?"

Ya ce, "Inna, daji ne."

Muka sake faɗa wani ramin. Ƙas! Ƙas! Na dubi madubi, sai ga hayaƙi na fitowa ta gefen zanenta.

Ta ce, "Kai ɗan nan, wani abu na cizo na!"

Na taka birki na kashe mota. Alhaji Kabiru ya dira ya sunkuci dutse zai fasa gilashina na Birchi. Na ce, "Ajiye! Ko ka fasa, ta nan za ta fito?" Na kwantar da kujerar gaba, kafin in miƙa hannu Hajiya tana waje. Matar da ta shiga da ƙyar, ta fito kamar 'yar shekara sha biyar, buzunta a hammata, carbi bai faɗi ba.

Na fizge kujerar baya na jefar a ƙasa. Zaren cikinta na ci kaɗan-kaɗan. Muka zuba ƙasa, ya mutu.

Alhaji Kabiru ya karkaɗe hannu. Ya ce, "To Inna, kin gani da idonki. Saura ƙiris ta gasa mani ke. Bari in kira a zo a ja ta."

Hajiya ta zauna a gindin wata bishiyar bedi. Ta dubi motar, ta dubi hanyar Wurma. Sai na ji ba daɗi.

Na ce, "Ni na kashe ta. Ba ta mutu ba tukuna."

Na juya kujerar. Ga tabon ƙuna a jikin sifirin, daidai kan batir. In mai nauyi ya zauna aka faɗa rami, sifirin ya sauko ya taɓa kan batir, wuta ta haɗu da ƙarfe. Irin motar da murfin batir take zuwa, wannan nata ya ɓace tun ba yau ba. To yaya Malam Sada yake yi? Sai na tuna farin gashin nan. Na dubi hammatar Hajiya.

Na ce, "Hajiya, buzun nan daga ina?"

Ta ce, "Na Malam ne. Ƙarƙashin kujerar nan yake zama. Da ya rasu na ɗauke nike salla a kai."

"Mi ya ce maki da ya sa shi?"

Ta gyara zama. "Cewa ya yi matar malami ba ta zama bisa ƙarfen nasara sai da buzu a ƙasa. Don daraja. Kullum za mu fita sai ya ɗaga kujera ya gyara shi da hannunshi, sannan ya ce bismillah, Dije."

Na ce, "Tun kina amarya?"

Ta ce, "A'a. Sai bayan na haifi Kabiru, da na fara yin..." Sai ta tsaya.

Alhaji Kabiru ya shiga tarin ƙarya yana taka mini ƙafa. Ni kuwa kun san bakina.

Na ce, "Hajiya, nauyi ne. Buzun ke hana ƙarfe taɓa batir."

Na ce yau na ja wa kaina. Hajiya ta dube ni, ta dubi buzun. Sai kafaɗunta suka fara rawa. Ta yi dariya har ta riƙe ciki, har hawaye, daga baya ban san ko na dariya ne kawai ba.

Ta ce, "Kai Malam! Allah ya jiƙanka. Shekara da shekaru ina taƙama cikin mata, ashe gudun gobara kake. Bai taɓa ce mani na yi ƙiba ba, ko sau ɗaya. Kai kuwa ɗan nan, yini guda bai cika ba ka faɗa."

Na ce, "Shi miji ne, Hajiya. Ni mai wayarin ne."

Ta miƙo buzun. "Ungo, maida shi ɗakinshi."

Na yanko robar shimfiɗar ƙafa na rufe kan batir da ita, na ɗaure, sannan na shimfiɗa buzu a sama na mayar da kujera. Saura tayarwa. Batir ya sha wuta, in ya ƙi sai turi, turi kuwa sikeli ne. Hajiya ta sake shiga. Na murɗa makulli. Mota ta yi gurnani ta yi shiru. Alhaji Kabiru ya zaro wayar salula. Hajiya ta ce, "Maida ita aljihu." Na sake murɗawa, sai ga ta ta kama, da ƙarar nan tata kamar injin niƙa.

Muka shiga Wurma yara na bin mu da gudu. Yayar Hajiya ba ta gani sosai, amma daga cikin gida ta ce, "Wannan ƙarar motar Sada ce." Kafin la'asar mun dawo Kurfi. Alhaji Kabiru ya yi shagonsa a wani wurin.

Abin da na koya ke nan, ku ma ku riƙe. In kun buɗe tsohuwar mota kuka ga abin da bai yi kama da na mota ba, tsumma ne, igiya ce, gashi ne, kada ku goge sai kun tambayi wadda ta fi kowa daɗewa a gidan. Ku kuma gwada mota da wanda zai hau ta, ba da kanku ba. Gyara kuwa iri biyu ne. Akwai namu na filaya da waya. Akwai na Malam Sada, wanda ya kashe wuta bai ƙona kowa ba.

Har yanzu ni ke kai ta Wurma in ta so zuwa. Kafin ta shiga sai ta tsaya ta ce, "An gyara buzun?"

Ni kuma in ɗaga kujera in gyara, in ce, "An gyara, Hajiya. Don daraja."