Daɓe Mai Santsi a Gefen Mina

Daga gidanmu na unguwar Shisha a Makka, hanyar da ta ratsa Mina ta fi yanke, ni kuma direban tasi ne, don haka nakan bi ta ko raina bai so ba. Bayan watsewar alhazai wurin ba ya kama da garin mutane. Fararen tantuna jere har gindin duwatsu, ƙofofinsu a ɗaure, ba kowa sai kyanwoyi da mai gadi a can nesa yana gyangyaɗi. In ba ni da fasinja nakan ɗaga gilashi in ƙure rediyo. Ba aljanu nake tsoro ba. Ƙarar ƙwallon tanis nake ji, tau, sai kuma wata tau daga wajen dutse, alhali mai buga ta, da hannuna na sa shi a kabari.

Ƙanina ne, autan Ummanmu, kuma Auta muke ce masa har ya yi furfura. Kakanmu daga Kano ya zo aikin hajji bai koma ba, mu duka a nan Makka aka haife mu. Ni na ɗauko Umma, gajere mai tumbi tun ina saurayi. Auta ya ɗauko dangin Baba, dogo, da hannaye kamar za su taɓa gwiwa.

Shekarar da Baba ya ɗora dish a saman gida don jin labarai, a nan abin ya same mu. Auta ya ci karo da tashar da ke nuna manyan 'yan tanis na duniya suna wasa a kan ciyawa a Ingila. A wancan zamani wasan maza a irin wannan fili ba ya daɗewa. Mutum zai cilla ƙwallo sama ya maka mata raket, abin da muke kira irsal, wato bugun buɗe wasa, sai ya ruga gaban raga. Kafin abokin karawa ya motsa ta wuce shi, in ma ya taɓo ta, na gaban raga ya danne ta an gama. Ni na ce wannan ai ba wasa ba ne, ƙarti biyu sun sha fararen kaya kamar masu harami, rabin lokacin goge gumi suke yi. Auta ko jina bai yi ba, bakinsa a buɗe.

Ya sayo tsofaffin raket biyu a haraj, kasuwar gwanjo, ya ɗora mini ɗaya ba tare da shawara ba. Sai wurin wasa ya zama matsala, don a unguwarmu fili na 'yan ƙwallon ƙafa ne. Wani mai gadi, abokin Baba, shi ya nuna mana wani daɓen siminti a bayan rumbun abinci a gefen Mina. A lokacin hajji a kansa ake jan buhunan shinkafa, a wanke da ruwa, a sake ja, har ya yi santsi kamar cikin faranti. Muka ja layi da fenti, muka ɗaura igiya muka rataya tsohon tamfol a matsayin raga.

A wannan daɓe ƙwallo ba ta tashi. Tana taɓa ƙasa sai ta zame ta wuce daidai idon sawu. Shekaru muka yi muna zuwa bayan la'asar, kuma zan iya rantsewa ban taɓa mayar wa Auta irsal ɗinsa ba. Nawa dai in tsaya in buɗe ƙafa kamar gwani, in ji iska ta wuce, in juya in bi ƙwallo cikin tantuna ina zage-zage. Shi kuma kowane bugu sai ya rugo gaban raga yadda ya gani a talabijin, ya iske ba abin yi, ya koma yana dariya.

"Yaya, ko ka rufe ido ne? Wallahi wannan a hankali na buga."

"Yalla, maza buga dai. Ranar da na mayar sai ka yi kuka."

Abin da yake dawowa kawai shi ne ƙarar. Duwatsun Mina sukan maido kowane bugu, sai ka ji kamar akwai mutum na uku a can yana wasa da mu. Umma ba ta son zuwanmu. Takan ce wurin da bayin Allah da yawa suka kwanta dama ba wurin guje-guje ba ne, mu tabbata mun baro shi kafin magariba.

Da Auta ya ji za a yi gasar matasa a Jidda, ni na kai shi a motata. Duk hanya ina ta cika baki, don a raina na riga na ga ƙanina a talabijin. Da muka shiga, kafin komai ya durƙusa ya shafa filin da tafin hannu, sai na ga fuskarsa ta sauya. Siminti ne mai fenti, amma da kaushi kamar dutsen goge kaushin ƙafa. Aka haɗa shi da wani siririn yaro mai tabarau wanda bai kai masa kafaɗa ba. Auta ya maka irsal ɗin nan da na sani, ya rugo raga. Ƙwallon ta taɓa ƙasa, ta ɗan tsaya, ta taso daidai ƙugun yaron kamar an miƙa masa. Yaro ya gyara tsayuwa ya wuce da ita ta gefen Auta. Ƙanina ya juya yana kallon inda ta faɗi. A ransa ƙwallo ba ta dawowa, bai taɓa gani ba. Haka aka yi ta yi har aka tashi, ya sha kashi ba kaɗan ba, ni kuma na rasa inda zan sa idona.

Wani mai horarwa Bamisire ya biyo mu wajen mota. Ya ce yashi ake zubawa a cikin fentin, in an yawaita shi sai ya riƙe ƙwallo ta rage gudu ta tashi sama, in an rage sai ta zame. Ya ce hannun Auta kyauta ce daga Allah, amma ya zo ya koyi wasa daga bayan layi, ya koyi haƙurin musayar bugu. Auta ya ɗauki maganar yashin ya sa a aljihu, ya bar sauran a nan bakin mota. Sai da muka kusa shiga Makka ya yi magana.

"Yaya, ba shi ya ci ni ba. Mal'ab ɗin ne ya ci ni."

Mal'ab shi ne filin wasa. Na ce masa haka ne, don haka ake ce wa ƙani a irin wannan rana.

Abin takaici, sai duniya ta goyi bayansa. A shekarun da suka biyo baya manyan filayen ma suka rage sauri. Aka sauya irin ciyawar Ingila, aka ƙara kaushin filayen siminti, musayar bugu ta yi tsawo. Auta yakan jawo ni gaban talabijin ya ɗora yatsa a kan gilashin. Yakan ce in duba inda ciyawa ta mutu. Da can, in gasa ta yi nisa, za ka ga hanya ta yi fari daga bayan layi zuwa gaban raga, sawun masu rugawa. Yanzu bayan layi ne kawai ya ƙoƙe, gaban raga kore shar kamar ba a taɓa taka shi ba.

Bai taɓa raina sababbin zakarun ba, yakan ce ƙafafunsu ba na mutane ba ne. Amma ya ce ɗan jinkirin nan da ƙasa take ba ƙwallo, wanda bai kai ƙiftawar ido ba, shi ne yake ba mai karɓa damar dasa ƙafa ya zaɓi inda zai aika ta. Daga nan mai rugawa raga ya zama abin harbi. Shi ya sa kowa ya koma baya, dogo da gajere, wasansu ya zama iri ɗaya a ciyawa da jar ƙasa da siminti.

"Irinku ne suka ɓata wasan, Yaya. Ku kuka ce yana ƙarewa da wuri, ba ku ga komai ba."

"To ni na zuba yashin?"

"Za su gaji. Wallahi za su gaji su rage shi. Kai dai ka zuba ido."

Wannan jiran shi ya cinye ƙanina, kuma ina faɗa da baƙin ciki, har da haushi. Ya ɗora rayuwarsa kacokan a kan cewa shi gwani ne da ƙasa ta cuta, kuma ranar da ƙasa ta gyaru za a gani. Baba ya samo masa aiki a wani shagon kayan gini, Auta ya ce dawam ɗin, wato lokutan aikin, zai hana shi atisaye. Sai dai aikin hajji, ya tura keken tsofaffi ya ɗauki kaya a Mina na 'yan makonni, sauran shekara yana daɓensa. Akwai wata yarinya a unguwar Ka'akiyya, 'yar mutanenmu da suka zo ta Sudan, mai hankali, ta jira shi iya jira. Ranar da labarin aurenta ya zo, Umma ta zauna a bakin gado ta ce, "Auta, ƙwallo ce za ta yi maka addu'a in ka mutu?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Umma, saura kaɗan." Shekarunsa sun riga sun wuce na shiga kowace gasa, kowa ya sani, shi ma ya sani, amma ba mai iya furtawa a gabansa.

Ni na yi aure, yara suka zo, na daina zuwa. Ya koma tafiya shi kaɗai da bokitin ƙwallaye. Wata rana Umma ta aike ni in ɗauko shi don rana ta kusa faɗuwa. Na ajiye mota nesa na taho a ƙasa ta tsakanin tantuna, bai gan ni ba. Ya cilla, ya buga, ya rugo gaban tamfol ɗin, ya tsaya a durƙushe raket a gaba, idonsa a kan ɗaya ɓangaren inda ba kowa. Ya daɗe a haka yana jira. Sai da ƙarar ta dawo daga dutse ta mutu sannan ya miƙe ya koma ya ɗauki wata. Na ja da baya a hankali. Na koma mota na danna masa oda kamar yanzu na iso.

Kafaɗar ce ta fara tafiya, tsakanin irsal da tura keken alhazai, har ya zama ba ya iya ɗaga hannun dama sama da kunne. Daga baya ciwon ƙoda ya shigo. Baba da Umma duk sun rasu a lokacin, sai na dawo da shi gidana, ina kai shi asibiti wankin ƙoda ina dawo da shi. Mutumin da yake sunkuyawa in zai shiga ƙofa ya koma ina tallabe shi a matakala.

Wata ranar da muka dawo daga asibiti bayan azahar, na kwantar da shi a falo na kunna masa talabijin. Ana wata gasa a Turai, a cikin rufaffen ɗaki. Ko ni da ban iya ba na ga ƙwallon tana zamewa. Wani dogon saurayi yana maka irsal yana rugawa raga, yana danne duk abin da aka maido, abokin karawarsa ya ja baya har ya kusa jingina da bango amma a banza. Mai sharhi yana ta cewa an daɗe ba a ga fili mai sauri irin wannan ba. Daɗi ya kama ni kamar ni aka yi wa kyauta.

"Auta, tashi ka gani! Sun rage yashin! Ashe gaskiyarka ce!"

Ya ɗago kai da ƙyar ya kalla. Na zaci zai yi murmushi, ko ya ce ai ya faɗa mini. Sai ya riƙa bin saurayin da ido, yadda yake karanta inda ƙwallo za ta biyo, yadda yake lanƙwasa wuyan hannu a gaban raga ya ajiye ta a hankali. Abubuwa ne da ba a koyonsu sai in ƙwallo tana dawo maka. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"Yaya, don Allah in tambaye ka. Ni na iya ne, ko kai ne ba ka iya ba?"

Na buɗe baki zan ce wallahi ka iya. Sai na fasa rantsuwar. Mara lafiya ne ya haɗa ni da Allah, ni kuma ban sani ba. Ni kaɗai ne shaidarsa a duniya, gajere mai tumbi da bai taɓa riƙe raket a gaban wani mutum ba sai shi.

"Ni dai ban taɓa mayar da ita ba," na ce.

"Na sani, Yaya. Halas, shi ke nan, kashe talabijin ɗin."

Na kashe talabijin. Ya juya fuskarsa wajen bango ya ja mayafi. Bai sake neman a kunna masa tanis ba har Allah ya karɓi abinsa kafin hajjin shekarar, ni kuma har yau ban samu wanda zan tambaya ba.