Saƙon da na tura kan mai magani

Shekarar da Najeriya ta rufe iyaka, wake ya rasa mai saye a kasuwar Matameye, a shekarar ne na fara sauraron labarin ƙasar Filifin da kyau. Bayan la'asar muke taruwa a ƙofar shagon wani Alhaji mai sayar da magani, kusa da tasha, mu kunna rediyo. Tare muka yi karatun allo da shi. Shi ya bi fatauci, ni na tsaya ga alƙalami da tawada.

Rediyo ta ce a can shugabansu ya sakar wa 'yan sanda hannu su harbe masu sayar da ƙwaya, ba alƙali, ba shaida. Ta ce kuma an kama wata 'yar jarida mai bin diddigin kisan, saboda wani rubutu da aka saka a intanet. Yawancin masu zama da mu a ƙofar shagon suka ce irin wannan shugaba muke so a nan, ko yaranmu su huta da ƙwayar tiramol. Ni na ce a'a. Wanda aka tuhuma sai an kawo shaida, sai an ji ta bakinsa, ko da gari duka ya tsane shi. Har yau a kan haka nake.

Alhaji ya ce, "Malam, kai da ba ka san inda Filifin take ba. Gabas da garin Kance ce ko yamma?"

Na ce, "Gaba da Makka ce. Kai da ka je sau biyu ba ka leƙa ba?"

Ba a yi wata guda ba wani saƙon murya ya shigo wayata. Ban san mai maganar ba. Ya ce wai an faɗa a rediyo cewa wani mai magani kusa da tashar Matameye yana sayar wa samari tiramol a ɓoye. Shagunan magani biyu ne a wurin, ɗayan na wani baƙo ne da ban saba da shi ba. Zuciyata ta ce shi ne. Na danna, na tura saƙon zauren waya na 'yan garinmu, inda mazan da suka tafi cin rani Kano da Legas suke jin labarin gida. Na ƙara da muryata, "Allah ya shirya."

Abin da ban lissafa ba shi ne mutane sun san inda nake zama kullum. Suka ce tunda Malam ne ya turo, ai da idonsa ya gani, kuma a shagon abokinsa. Mazan suka kira matansu suka hana su sayen magani wajen Alhaji. Jandarma suka zo suka bincike shagon, ba su samu komai ba, amma wannan labarin bai yi tafiya ba. Na tambayi duk mai rediyo da na sani, babu wanda ya ji an faɗa.

Malaminmu da ya koya mana ajami ba ya barin mu kwafi shafi sai mun san daga littafin wa aka ɗauko. In ka gama, wani ya riƙe asali, kai ka karanta naka, wasali bayan wasali. A ƙarshe ka sa sunanka, don in an samu kuskure a san wuyan da ke ɗauke da shi. Shekaru ina kan wannan, amma ban ɗauki tura saƙo a matsayin kwafi ba. Kwafi ne, kuma sunana yana samansa.

Wasu sun ce a riƙa ɗaure duk mai yin irin wannan saƙo. Ban bi su ba. Abin da na ji daga Filifin ya ishe ni: dokar rufe baki, mai tona laifin manya take fara kamawa. A bar mutane su yi magana, amma kowa ya amsa abin da ya fito daga hannunsa.

Ni kuwa na jinkirta amsa nawa. Alhaji bai zage ni ba, bai kai ni ƙara ba. In na yi sallama ya amsa, ya ci gaba da jera kwalayensa. Muka ci damina guda a haka, ina bin wata hanyar zuwa masallaci. Na san haƙƙinsa yana kaina, kuma istigfari ba ya sauke haƙƙin mutum.

Wata safiya na je na tsaya a bakin kantar shagonsa. Na ce, "Alhaji, na zo neman gafara."

Ya ce, "A nan, mu biyu? Lokacin da ka ɓata ni, mutum nawa ne suka ji?"

"Da yawa."

"To ciro wayar."

Na ciro, na danna, na ce, "Jama'a, game da saƙon nan, an yi kuskure."

Ya ɗaga hannu. "An yi? Wa ya yi? Aljani?"

Na goge na sake. Na ce ni ne na tura, ban gani ba, ban bincika ba, rediyo ba ta faɗa ba, kuma jandarma ba su samu komai wajen Alhaji ba. Zan tura, ya ce, "Dakata. Da ka tura wancan, wa kake nufi?"

Na faɗa masa gaskiya, baƙon nan na ɗayan shagon.

"Shi ka gan shi?"

"Ban gani ba."

"Ashe kai ma ka iya harbi ba shaida. Sa shi a ciki."

Karo na uku na faɗi duka, har da baƙon, na roƙi duk wanda ya tura na farko ya tura wannan. Alhaji ya karɓi wayar ya saurara har ƙarshe, sannan ya danna da yatsansa ya aika. Ya miƙo mini hannu ta saman kanta.

Ya ce, "Na yafe maka, Malam, duniya da lahira."