Labaran da Kufan Ɗan Bala

Labaran ɗan Tani bai gaji komai ba sai gona ɗaya da wuya mai ƙarfi. An haife shi a wani ƙauye kusa da Gazawa, cikin zuriyar manoman da kakanninsu suka ƙetaro daga ƙasar Katsina, ubansa kuma ya rasu tun bai fara azumi ba. Da ya tasa sai ya bar uwarsa da gonar, ya nufi Cadawa dako, lokacin da gyaɗa ke tashe. Ya yi shekaru yana ɗaukar buhu daga bakin sikeli zuwa bayan kamiyo, wato babbar motar kaya, har gashin tsakiyar kansa ya ƙare. Mutum ne mai ƙarancin magana, irin waɗanda ake ɗauka ba su san dawan garin ba, alhali ido kawai yake zubawa.

Abin da ya gani shi ne garin na cika da baƙi, kuma babu wurin kwana. Masu rubutu a buro, wato ofis, da malamin lakol, makarantar boko ke nan, da mai allura a gidan likita, yawancinsu 'yan Dahome ne a wancan zamani. Ga albashi a aljihu, amma a zaurukan mutane suke raɓewa, suna wanka a bayan darni. Mutanen Cadawa akwai karɓar baƙo, wannan ba a ƙwace musu ba, sai dai ba wanda ya taɓa kawowa a ransa cewa ɗaki ma ana iya cin abinci da shi wata-wata. Labaran ya kawo.

Shekarar da aka sami mulkin kai ya tafi gida, ya durƙusa gaban uwarsa, ya ce yana so ya sayar da gonar ya gina ɗakunan haya. Da gonar nan kuwa Tani take ci take sha.

Ta ce, "In ta tahi ba ta komowa, ka sani?"

"Na sani, Inna."

"To, saida. Amma daga yau kai ne gonata."

Sai neman wuri, wanda ya fi ginin kansa wuya. Bakin kasuwa masu shi ba su sayarwa ko da nawa. Bayan gari akwai fili kamar a roƙe ka ka ɗauka, amma rijiya da nisa, da damina kuma ruwa na kwanciya, wane ma'aikaci ne zai yarda ya taka laka da takalminsa kullum? Saura wuri guda, wanda kowa ya sani kuma kowa ke kewayewa. Tudu ne a bakin hanyar mota, jifa ɗaya daga sikeli, ga rijiya a gabansa, ga gawo mai inuwa. Sunansa Kufan Ɗan Bala. Shekaru da dama kafin nan, wata bazara sanƙarau ya shiga gidan wani mai suna Ɗan Bala ya share shi, manya da yara, ba a bar ko mai jan ƙyaure ba. Al'adar garin kuwa, gidan da annoba ta cinye ba a sake ɗora tubali a kansa, ba a kwana, ba a shan ruwa a ciki. Ko akuya ce ta shiga, daga waje ake tsayawa a yi ta jifa har ta fito.

Lissafin Labaran mai sauƙi ne. Baƙo bai san Ɗan Bala ba, abin da ya sani shi ne ya fito ɗaki ya faɗa buro. Da ya kai maganar gaban maigari, dattijon ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Labaran, lahiyarka ƙalau?" Sannan ya ba shi wurin a bakin goro kawai, yana murna an raba shi da shi. Maginan gari suka ce ko da zinariya za a biya su ba su taɓa ƙasar wurin, sai daga Tasawa ya ɗauko wasu. Kuɗin gonar kaf suka shige cikin ɗakuna huɗu masu rufin azara, da zaure, da makewayi. Kafin yaɓe ya gama bushewa 'yan Dahome sun cika gidan.

Shekara uku abin na tafiya. Hatsin Tani bai taɓa yankewa ba, Labaran ya ajiye dako, ya auri wata mai suna Habi, har ta haifa masa ɗiya, ya kama musu ɗaki a unguwar mahauta. Masu hasashen gawa suka gaji da jira, sai suka ce ai cutar wurin ba ta jin yaren baƙi. Labaran yakan yi murmushi in ya ji. Amma akwai abin da bai faɗa wa kowa ba: shi kansa bai taɓa kwana a gidan ba, ko kuɗin haya a bakin zaure yake karɓa, a tsaye.

Ƙarshen shekarar 1963 rigima ta shiga tsakanin Nijar da Dahome, aka ce ma'aikatansu su koma ƙasarsu. Labaran na tsaye bakin hanya yana kallo ana loda akwatuna a kamiyo. Malamin lakol ya riƙe hannunsa da hannu biyu, yana yi masa godiya da gurɓatacciyar Hausarsa, idonsa ya yi ja. Labaran ya ji tausayinsu ƙwarai, amma tsoron da ya ji ya fi tausayin yawa.

Waɗanda aka turo madadinsu 'yan ƙasa ne, daga Maraɗi da Tasawa, masu uwa da kaka da kunnen jin magana. Wani sabon malamin lakol ya zo ya duba, ya yaba ɗakin, ya ce gobe zai kawo kayansa. Ya bi ta kasuwa ya sayi tsire, aka fesa masa labarin kufan, shi ke nan, washegari ko gaisuwar Labaran da ƙyar ya amsa. Haka na biyu, haka na uku. Rabo mahauci, wanda bakinsa ya fi wuƙarsa kaifi, ya ɗaga murya ranar kasuwa ya ce, "Kai da ka gina, ka kwana ciki mana mu gani!"

Habi ta ce ita da ɗiyarta ba su taka wurin, in ya matsa ya sallame ta. Shi ma ya gwada. Wata la'asar ya naɗe tabarma ya nufi gidan, ya kai tsakar gida, sai ya ji bayan wuyansa ya ɗaure, ƙafafunsa suka juya da kansu. Gidan ƙasa kuwa ba ya son zaman banza. Gara ta fara hawa azara, damina na tafe, babu kuɗin yaɓe, babu gonar komawa. In gidan nan ya zube, shi da iyalinsa da uwarsa sun zube tare.

Ana cikin haka sai ga Tani a kan jaki, da tukunya da mazarin kaɗinta. Hatsi ya yi jinkiri, ta tambaya, an gaya mata. Ba ta ko sauka unguwar mahauta ba.

"Buɗe mini gidan ga," in ji ta.

"Inna, ba ki san abin da ya auku wurin ba."

"Na sani tun kana goye. Su sun ce tsoro suke ji, kai ma haka. Ni mi ya rage mini da zan ji tsoro? Buɗe."

Kunya ta yi wa Labaran abin da ƙarfin hali ya kasa. Ranar ya kwana a zaure, uwarsa a ɗakin gabas. Kullum da safe Tani kan hura wuta, ta fito da tabarma bakin ƙofa tana kaɗi, duk wanda ya gitta ta kira shi ta gaishe shi da ƙarfi, don dai ya tabbata tana numfashi. Mutanen gari suka koma duban hayaƙin gidan kamar masu duban wata. Da aka ɗan kwana biyu maganar ta fara sanyi, har malamin lakol ya tare Labaran yana tambaya ko ɗakin nan na nan.

Sai bazara ta kama. Aka fara jin sanƙarau ya ɓulla a ƙauyukan arewa. A daidai wannan lokaci tari ya kama Tani, zazzaɓi ya biyo baya, wata safiya hayaƙi bai tashi ba. Sabon mai allura ya ƙi shiga, ya ce a fito da ita bakin zaure. Ya duba, ya ce ƙirji ne da tsufa, ba abin da ake tsoro ba ne, amma ya girgiza kai. Wa zai yarda da shi? Mata suka daina ɗiban ruwa a rijiyar ƙofar gidan.

Tani ta san inda aka kwana. Ta kira ɗanta, muryarta can ƙasa.

"Ɗaura wa jaki akumari, ka maida ni gida. In na cika nan, gidan ga ya mutu har abada."

Labaran ya dubi rana a waje, wadda ko ƙato ba ya tsayawa cikinta. Ya san ba za ta kai rabin hanya ba. Ya kuma san gaskiya ta faɗa. Ya tashi, ya je har wurin jakin, ya ɗauki akumari, ya tsaya da shi a hannu yana haki kamar ya sauke buhu. Sannan ya ajiye ya dawo.

"Ba ni kai ki, Inna. Gida shi zube. Ba ki mutuwa kan jaki saboda ɗaki."

Tunda ya yi wayo bai taɓa ce mata a'a ba. Ta rufe ido, ya zaci fushi ta yi. Can ta buɗe ta ce ya kira mata liman, ya kuma ja tabarmarta zuwa bakin zaure. Malam Abdulmumini ya zo, ya tsaya a kan hanya, bai matso ba.

Ta ce, "Malam, ka ji da kunnenka. In na cika, nan ciki za a yi mini wanka, nan za a ɗauke ni, nan za a yi zaman makoki. Wasiyyata ke nan."

"Na ji, Allah shi ba da lahiya," in ji liman, kafin ya auna abin da ya amsa.

Washegari da hantsi ta cika. Labaran ya rufe ta da zane, ya share tsakar gida, ya shimfiɗa tabarmi, ya cika randa. Sannan ya fito bakin zaure ya faɗa. Jama'a suka taru, amma a ƙetaren hanya, ƙarƙashin rumfunan masu awo, kamar an ja musu layi. Habi na cikinsu da goyo, tana kuka. Liman ya aiko a ce masa ya fito da gawar a yi mata sutura a unguwar mahauta.

"Ku ce ma Malam shi ya ji wasiyyar, ba ni ba," in ji Labaran.

Rana ta yi ta hawa. Kowa ya san gawa ba ta jira a irin wannan zafi, kuma namiji ba ya wanke uwarsa da mata cike da gari. Zufa na zuba a fuskar Labaran. Ya fara tambayar kansa ko dai cinikinsa yake yi da gawar uwarsa. Sau biyu ya juya zai shiga ya sungumo ta ya kai musu, sau biyu ya tsaya. Ba a jin komai sai kukan ƙudaje wajen mahauta.

Sai wata tsohuwa ta ratsa taron. Kadi ce ungozoma, wadda rabin masu tsayuwar nan ita ta yanke musu cibiya.

Ta ce, "Ni dai tunda nike ban taɓa barin gawar mace ta kumbura ba. Ku yi ta tsayuwa, maza!"

Ta ƙetare hanya ta shige. Habi ta kwance goyonta ta miƙa wa wata, ta ɗauki tulu ta bi bayanta. Da suka gama, Kadi ta fito tana share hannu, ta ce da ƙarfi yadda na baya zai ji, "Wuyanta laushi kamar na jinjiri. Tari ne da tsuhwa. Saura ku, ko ni zan ɗauki makara?"

Liman ya gyara rawaninsa, ya yi bisimilla, ya taka. Makara na son kafaɗu huɗu, dole wasu suka bi shi. Da aka dawo daga maƙabarta ba yadda za a yi a watse ba a yi gaisuwa ba, tabarmin kuwa na ciki. Suka shiga a ɗarare, kowa na shafa bayan wuyansa a ɓoye. Habi ta kewaya da ƙwaryar ruwa, ruwan gidan makoki kuma ba a mayar da shi. Rabo mahauci ya riƙe ƙwaryar kamar an ba shi garwashi, ya rufe ido ya kurɓa. Haka aka yi ta yi har sadakar bakwai, mata na daka gumba a tsakar gida, yara na guje-guje, tsofaffi na gyangyaɗi a inuwar gawo. Ba wanda ko kansa ya yi ciwo.

Daga baya Labaran ya zama wanda ake zuwa wurinsa shawara in za a sayi fili a Cadawa, ya tsufa a gidan nan tare da Habi da jikoki. Amma in ana yabon idonsa na zaɓen wuri ba ya amsawa, tashi yake.

Kafin ruwan farko na shekarar da Tani ta rasu, malamin lakol ya kawo kayansa, mai allura ya biyo shi. Da wata ya ƙare malamin ya same shi a tsakar gida ya damƙa masa kuɗin haya. Labaran ya yi godiya, ya juya da sauri kamar mai zuwa nuna wa wani, ya kai bakin ɗakin gabas ya tsaya. Ya daɗe a nan da kuɗin a hannu, sannan ya zauna a ƙasa ya yi kukan da bai samu ya yi ba ranar jana'iza.