Masu Haya a Faifan Ammu Bashir

Jama'a, wannan abin da ni ya faru, ba a majalisa na ji ba, kuma wallahi ko yanzu da nake rubutawa sai da na waiga. Shekarun baya ne, ina karatu a Alƙahira, ina ɗan taɓa aikin rana a wani shagon buga takardu a unguwar Darrasa, can cikin lungun masu sayar da littattafai. Mai shagon wani dattijo ne, Bahaushen Sudan, Ammu Bashir, wanda iyakar saninsa da kwamfuta shi ne samanta akwai ɗumi, in ka ɗora kofin shayi ba ya saurin hucewa. Ni na sa mata manhajar Linux, ni kaɗai ke taɓa ta.

Ran nan bayan azahar sai ga Malam Habu, wani ɗan garinmu mai karatun digiri na biyu, ya faɗo shagon yana gumi, filas a hannu, 'yar ma'ajiyar nan da ake sokawa a kwamfuta. Risalarsa ce a ciki, wato kundin binciken digirinsa, ranar kuma ake rufe karɓa, in bai kai ba sai baɗi, ga iyalinsa a Zariya suna ta jiran ya gama ya dawo. Na soka filas na ce a kwafe, kwamfuta ta ce babu wuri. Na ce to a buga kai tsaye, nan ma ta ƙi, don ko bugawar sai ta sami inda za ta ɗan ajiye. Babu wuri kamar yaya, alhali jiya-jiya rabin faifan ajiyar kwamfutar fanko ne?

Sai na buɗe baƙin allon nan da ake rubuta umarni, na buga df -h. Ga wanda bai sani ba, shi ke jero maka duk ma'ajiyar da ke haɗe da na'urar, kowace da girmanta, da abin da aka ci, da abin da ya rage. Babban faifai cike maƙil. Filas ɗin Malam Habu ga shi nan lafiya. Sai kuma can ƙasa wani layi da ban taɓa gani ba: /mnt/mu_ma_muna_nan.

Da Hausa fa, jama'a! A tsakiyar Masar!

Na dake, na buga umount don in cire shi, kwamfutar ta ce wai ana kan amfani da wurin. Wa ke amfani? Na zare wayar intanet, na kashe na'urar na sake kunnawa, na kuma buga df -h. Layin na nan daram, sai dai sunan ya canza: /mnt/kai_yaro_a_hankali.

Ban san lokacin da Malam Habu ya kai bakin ƙofa ba, ƙafa ɗaya a waje, yana karanto Ayatul Kursiyyu da ƙarfi, tsakanin aya da aya yana cewa, "Malam, don girman Allah ciro min filas ɗina!" Na ce ya zo ya cire da kansa mana, ya ce shi bai iya na'ura ba.

Ammu Bashir kuwa ko gezau. Ya sa na karanta masa rubutun, ya kurɓi shayi, ya ce, "Ma'alish, yi haƙuri ɗana, ginin nan ya girmi kakan kakanka. Ka yi wa mazauna cikinsa sallama kafin ka fara korarsu?"

Na ce, "Ammu, kwamfutar zan yi wa sallama?"

Ya ce, "Yalla, lokaci na tafiya."

Haka na sunkuya gaban allo, ni da nake ji da kaina gwanin na'ura, na ce salamu alaikum, a yi haƙuri a ɗan matsa mana, bawan Allah ne zai kai risala. Na sake buga df -h. Wallahi tallahi rabin faifai ya buɗe. Muka buga risala, Malam Habu ya sure ta da gudu, kuma ya kai a kan lokaci.

Da na duba abin da ya ɓace, ashe tarin bidiyon ƙwallo da kokawa ne da na ɓoye a wani lungu, an share su tas, amma karatun Alƙur'ani da takardun mutane ko harafi ba a taɓa ba. Ammu ya ce, "Tamam, masu tarbiyya ne."

Muka yi dariya. Amma dariyata ta tsaya wajen la'asar, ina zaune hannuwana duka biyu riƙe da kofin shayi, ina kallon allon, sai na ga haruffa suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, a hankali, irin na mai koyon rubutu: df -h. Jerin ya fito, aka ɗan tsaya kamar ana dubawa, sannan allon ya goge kansa.

Har na bar Masar ban gane mene ne ba, na tambayi waɗanda suka fi ni sanin na'ura, kowa sai ya yi dariya. Ni dai shawarata, in ka duba wurin da ya rage a faifanka ka ga layin da ba kai ka haɗa ba, kada ka yi saurin cirewa. Yi bisimilla, yi sallama, sannan ka ɗauke hannunka daga kan madannai ka ga ko akwai mai son dubawa bayanka.